Ra'ayinmu: Sauyin Yanayi Ya Riga Littafi Shiga Aji

 Babu malamin firamare a wannan yanki da yake buƙatar a kawo masa labarin sauyin yanayi daga wata uwa duniya, domin yana ganinsa a rajistar ajinsa. Yana ganinsa a watan Afrilu, lokacin da kwanon rufi ya ɗauki zafi har yara su fara gyangyaɗi tun kafin a fita tara. Yana ganinsa a watan Agusta da Satumba, lokacin da ruwa ya yanke hanya, ko aka mai da azuzuwa masaukin waɗanda ambaliya ta kora daga gidajensu. Yana ganinsa kuma bayan kaka, sa'ad da amfanin gona bai yi kyau ba, uba ya tafi cirani, yaro ya koma ɗiban ruwa da neman itace. Abin ya riga ya shigo aji ya zauna. Tambayar da ta rage mana ita ce yadda za mu koyar da shi, ta yadda yaro zai fahimci abin da yake gani da idonsa, ya kuma san cewa akwai abin da mutum zai iya yi. Ra'ayin wannan mujalla shi ne: gajeren labari na saurare cikin harshen yaro, a bi shi da tattaunawa rukuni-rukuni a ƙarƙashin jagorancin malami, shi ne hanyar da ta fi dacewa da halin da makarantunmu suke ciki. Sai dai wannan hanya tana da sharuɗɗa, kuma akwai haƙƙin malami a cikinta wanda ƙungiya ba za ta yi shiru a kansa ba.

Mu fara da girman al'amarin, don kada a ɗauka magana ce ta kwalliya. A shekarar 2012 ambaliya ta kashe mutum 363 a Najeriya, ta raba fiye da miliyan 2 da muhallinsu. Bayan shekara goma, a 2022, ta dawo da ƙarfin da ya fi na farko: fiye da mutum 600 suka rasu, fiye da miliyan 1.3 suka bar gidajensu, kuma Jigawa tana cikin jihohin da suka fi jin jiki. A watan Satumba na 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya malale babban ɓangare na Maiduguri. A wannan shekarar ce kuma, a ƙarshen Maris da farkon Afrilu, cikin azumin Ramadan, zafi ya yi tsananin da ba a saba gani ba a ƙasashen Sahel, har ma'auni ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali. Hukumar kula da yanayi ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta tabbatar da cewa 2024 ta zarce duk shekarun da suka gabace ta zafi tun da aka fara ajiye bayanai. Tafkin Chadi, wanda faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, ya janye da wajen kashi 90 cikin 100 bayan farin shekarun 1970 da 1980. Yaran da ke zaune a gabanmu yau su ne manoma da makiyaya da masunta da magina na shekara ashirin masu zuwa. A cikin wannan yanayi za su yi shuka, a cikinsa za su yi kiwo.

Gwamnati ma ta amince da haka a rubuce. Dokar Sauyin Yanayi da aka sa wa hannu a watan Nuwamba na 2021 ta tanadi cewa a shigar da batun cikin darussa a dukkan matakan ilimi. To amma kowa ya san nisan da ke tsakanin takardar doka da allon aji. Abin da yakan iso gare mu shi ne layi biyu ko uku na ma'ana da Turanci, malami ya rubuta a allo, yara su kwafa, su haddace, su zuba a takardar jarrabawa, su manta. Yaro yana iya kawo ma'anar ɗumamar duniya daidai ba tare da kuskuren harafi ɗaya ba, alhali bai taɓa haɗa ta da rijiyar unguwarsu da take ƙafewa ba. Wannan karatun aku ne, kuma a kan batun da ya shafi abincin gobe, karatun aku hasara ce.

Akwai kuma wata matsala ta harshe da ya kamata malamin Hausa da malamin Kimiyya su zauna tare a kanta. Kalmar yanayi ɗaya ce a bakinmu, amma tana ɗauke da abubuwa biyu. Akwai yanayin yau da gobe, wato hadari ya taso, iska ta kaɗa, rana ta yi zafi. Akwai kuma yanayin ƙasa, wato halin da aka san wuri da shi idan aka dubi shekaru masu yawa, wanda masana sukan auna da shekara 30. Damina ɗaya da ta yi gardama ba ita ce sauyin yanayi ba. Sauyi shi ne idan aka jera damina talatin na yanzu kusa da damina talatin na zamanin kakanni aka ga sun bambanta a faɗuwar ruwan fari, da tsawon damina, da ƙarfin ruwan da ke sauka lokaci guda. Yaron da bai wuce shekara goma a duniya ba ba shi da damina talatin a kansa. Dole sai an ara masa tunanin wanda ya daɗe, kuma hanyar da Bahaushe ya saba ara wa yaro tunanin manya ita ce labari.

Me ya sa labarin saurare?

Dalili na farko shi ne mu mutanen kunne ne. Tun kafin allo da alli, da dare ake tara yara a tsakar gida a ce ga ta nan ga ta nanku, su amsa, su nutsu, kuma abin da aka zuba musu a wannan zama yakan bi su har tsufa. Rediyo ya zo ya samu wannan shimfiɗa ya zauna a kanta, shi ya sa har yau da wuya ka shiga rumfar mai shayi ko bukkar mai gadin gona ba ka ji muryarsa ba. Dalili na biyu shi ne gaskiyar da muka sani game da azuzuwanmu: yara da yawa suna kaiwa aji huɗu ko biyar ba su iya karanta sakin layi da kansu ba. Idan muka ce sai ta littafi kaɗai za a san sauyin yanayi, mun rufe wa rabin aji ƙofa. Kunne kuwa kowa yana da rabonsa a ciki, mai ƙoƙari da wanda ake ja. Dalili na uku shi ne araha. Littafi ɗaya yaro ɗaya ko biyu yake wa amfani a lokaci guda, amma ƙaramar sifika mai caji tana isar da murya ga yara tamanin, kuma labarin da aka naɗa sau ɗaya ana iya tura shi daga waya zuwa waya har ya zagaye ƙaramar hukuma ba tare da an kashe ko kwabo a ɗab'i ba.

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce a fagen ilimi. A ƙasar Nikaraguwa, tun 1974 aka fara koyar da lissafi ta rediyo da salon da mai magana yake dakatawa yara su amsa, malamin aji yana tsaye yana jagoranta, daga baya ƙasashe da dama suka ɗauka. A nan gida, Hukumar Ilimin Makiyaya da aka kafa a 1989, mai hedikwata a Kaduna, ta daɗe tana amfani da rediyo wajen isa ga rugage. A 2020 kuma, da annobar korona ta sa aka rufe makarantu, jihohi da yawa na Arewa sun koma ba da darasi ta gidajen rediyo. Wannan lokaci ya koya mana abubuwa biyu. Ya nuna cewa murya tana isa inda littafi bai isa ba. Ya kuma nuna cewa yaron da ya saurara shi kaɗai, babu mai tambayarsa, babu wanda zai tambaya, kaɗan yake tsinta. Darasi na biyun nan shi ne ginshiƙin maganarmu.

Yadda darasin zai kasance

Bari mu kwatanta da darasin minti 35 a aji biyar. Malami ya ɗauki minti uku yana share fage da tambaya ɗaya: wa ya taɓa jan ruwa a rijiya? Sai ya kunna labari na minti biyar ko shida. A cikin labarin, wata yarinya ta raka kakanta bakin rijiyar gari, ta lura igiyar guga tana da ƙulli-ƙulli da yawa, ta tambaye shi dalili. Ya ce mata kowane ƙulli shekarar da ruwa ya ƙara nisa ce, aka ƙara igiya. Ya ba ta labarin kurmin da yake gabas da gari a zamanin ƙuruciyarsa, da yadda ake shuka da ruwan fari ba tare da fargaba ba. Da yamma aka taru a ƙofar mai gari, wasu suka ce a sare gawon da ya rage a gonaki a sayar da itacen a ƙara wa rijiya zurfi, wasu suka ce a'a. A daidai nan malami zai tsayar da labarin, kafin a ji abin da aka yanke.

Sai a raba yara rukuni-rukuni, shida zuwa takwas a kowane rukuni. Inda akwai benci, layi ɗaya ya juyo ya fuskanci na bayansa. Inda babu, a zauna da'ira a ƙasa ko a fita gindin bishiya. Kowane rukuni ya samu mai jagoranci, da mai riƙe abin da aka faɗa, da mai tashi ya bayyana wa aji, kuma a riƙa juya waɗannan ayyuka mako-mako don kada su zama gadon yara uku masu baki. Tambayoyi uku sun isa. Ta farko ta fahimta: me ƙullin igiya yake nunawa? Ta biyu ta haɗa labari da gida: akwai abin da ya yi kama da wannan a garinmu? Ta uku ta shawara: da kai ne a ƙofar mai gari, me za ka ce, kuma don me? Minti goma na tattaunawa, minti takwas na jin rukuni huɗu ko biyar, sauran rukunai su jira mako mai zuwa. Daga nan a kunna ƙarshen labarin, malami ya rufe da bayani na gaskiya a taƙaice, ya ba da aikin gida: kowa ya tambayi tsoho ko tsohuwa a gidansu wace bishiya ce da ake gani da, yanzu ba a ganinta.

Wannan bayanin rufewa shi ne inda ilimin malami yake aiki, don haka dole ya kasance a shirye. Zai faɗa wa yara cewa rana tana ɗumama ƙasa, ƙasa tana mayar da zafin sama, wasu iskoki kuma suna tare wani sashe na zafin kamar yadda bargo yake tare ɗumin jiki. Babbar cikinsu ita ce iskar kabon, wadda ke fita idan aka ƙona fetur da gas da kwal da itace. Kafin zamanin masana'antu, a cikin kowane kashi miliyan na iska akwai kimanin kashi 280 nata, yanzu ta haura 420. Bargo ya yi kauri ke nan. Zai kuma amsa tambayar da yaro mai kaifin tunani ba zai rasa yi ba: in duniya zafi take ƙarawa, me ya kawo ambaliya? Amsar ita ce iska mai ɗumi ta fi ɗaukar tururin ruwa, da kimanin kashi 7 cikin 100 a kan kowane digiri ɗaya, saboda haka in ta tashi saukewa sai ta sauke da yawa lokaci guda. Wani bincike da aka wallafa a 2017, wanda ya dogara da hotunan tauraron ɗan'adam, ya nuna cewa manyan hadura masu tsanani a yankin Sahel sun ninka sau uku tun daga 1982. Ga dalilin da ya sa manomi yake iya kukan fari a watan Yuni, ya yi kukan ambaliya a watan Agusta, a gona ɗaya.

Sharuɗɗa uku

Sharaɗi na farko gaskiya. Kada mu koya wa yara cewa duk wata masifa sauyin yanayi ne ya kawo ta. Fari ya daɗe a ƙasar nan: tsofaffi sun gaji labarin yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, wasu da ke raye sun ga farin 1972 zuwa 1974 da na 1983 zuwa 1984. Ambaliya kuma tana da iyaye da yawa. Akwai ruwan sama mai ƙarfi, akwai magudanar da leda ta toshe, akwai gidan da aka gina a kan hanyar ruwa, akwai madatsar da ba a kula da ita ba, akwai kachalla da ta cike hanyoyin ruwa a fadamun Haɗeja da Nguru. Sauyin yanayi yana ƙara wa waɗannan nauyi, sakacin mutane kuma yana buɗe masa ƙofa. Yaron da ya iya rarrabe wanne ne daga sama, wanne ne daga hannunmu, shi ne zai girma ya san wanda zai tambaya da abin da zai gyara.

Sharaɗi na biyu kada a tsorata yara. A cikin ajinmu akwai wanda ya kwana a kan rufi yana kallon ruwa, akwai wanda ya rasa ɗan'uwa. Labarin da ya ƙare da halaka kawai zalunci ne a kan irin wannan yaro. Kuma ba mu rasa labaran nasara na gaskiya ba, a kusa da mu ma. A jihohin Maraɗi da Damagaram na Jamhuriyar Nijar, tun daga shekarun 1980 manoma suka koma barin tohon kututture a gonakinsu suna yi masa aski maimakon su sare shi, abin da ake kira sassaben zamani, har aka ƙiyasta cewa bishiyoyi kimanin miliyan 200 sun dawo a fili mai faɗin hekta miliyan 5. A Burkina Faso, manomi Yakuba Sawadogo ya farfaɗo da tsohuwar dabarar haƙa ƙananan ramuka a zuba taki su tare ruwa, wadda Hausawan Nijar ke kira tassa, ya mai da fako kurmi, aka ba shi babbar lambar yabo ta duniya a 2018. A Kenya, Wangari Maathai ta kafa ƙungiyar dashen bishiya ta mata a 1977, ta samu kyautar Nobel a 2004. Ga kuma gawo, wanda yake zubar da ganye da damina ya bar gero ya sha rana, ya yi ganye da rani ya ba dabba inuwa da abinci. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan labarin minti biyar ne da yaro zai fita da shi yana jin cewa hannunsa yana da amfani.

Sharaɗi na uku adalci. Ajinmu yana tara ɗan manomi da ɗan makiyayi a benci ɗaya, da 'yar mai sayar da itace, da ɗan mai yin gawayi. Idan labari ya mai da makiyayi mugu, ko ya mai da manomi azzalumi, ko ya ɗora laifin kwararowar hamada a kan uwar da take hura wuta don ta ciyar da 'ya'yanta, to mun shuka gaba da hannunmu a wurin da aka ba mu amanar shuka zumunci. A gaya wa yara gaskiyar cewa nahiyar Afirka gaba ɗaya ba ta fitar da ko kashi 4 cikin 100 na iskar kabon da duniya ke fitarwa, amma tana cikin waɗanda suka fi shan wahalarta. A kuma nuna musu cewa matsin ƙasa da ruwa ya shafi kowa, mafita kuma sai an zauna tare. Tattaunawar rukuni da kanta horo ce a kan wannan: yaro ya koyi jiran wani ya gama magana, ya koyi cewa ban yarda ba ba tare da zagi ba.

Amsa ga masu shakka

Wasu 'yan'uwa za su ce lokaci bai isa ba, manhaja ta cika, jarrabawar shiga sakandare tana jira. Maganarsu tana da tushe. Amma ba sabon darasi muke nema a ƙara a jadawali ba. Batun yana da gurbi a Kimiyya da Aikin Gona da darasin zamantakewa, saurare da magana kuwa ginshiƙai ne na darasin Hausa tun asali. Sau ɗaya a mako biyu ya isa a fara. Wasu za su ce aji mai yara ɗari in aka ce a tattauna ya zama kasuwa. Makon farko zai yi hayaniya, babu shakka. Amma in aka kafa alama ɗaya ta yin shiru, aka ba kowane rukuni aiki takamaimai da lokaci ƙayyadadde, yara suna saba wa tsari da sauri fiye da yadda muke zato. A kuma kula da 'yan mata da yara masu kunya, a ba su jagorancin rukuni da gangan. Mai ƙarancin ji a zaunar da shi kusa da sifika, abokinsa ya maimaita masa.

Akwai kuma iyayen da za su ce ruwa da fari ikon Allah ne, me ya kai yaro binciken su? Mu amsa musu da ladabi, domin mun yarda da su cewa komai da ikonsa yake faruwa. Sai dai neman sanin sababi da yin tanadi ba su saɓa wa tawakkali ba. Labarin Annabi Yusuf, wanda Musulmi da Kirista duk suka sani, labari ne na shugaban da aka sanar da shi shekarun fari suna tafe, ya sa aka tara hatsi a shekarun wadata, jama'a suka tsira. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara. Yaron da ya iya sauraren wannan hasashe ya fahimce shi ya bayyana wa mahaifinsa, ya yi wa gidansu hidima.

Haƙƙin malami da aikin ƙungiya

A nan ne muke son shugabannin reshe su buɗe kunne. Duk lokacin da sabuwar dabara ta zo, a kan malami nauyinta yake sauka: wayarsa, katinsa, kuɗin cajinsa, lokacin hutunsa. Malamin da albashinsa bai kai shi ƙarshen wata ba, ba daidai ba ne a ce ya sayi sifika daga aljihunsa. Muna kira ga reshe ya gabatar wa Hukumar Ilimin Bai-ɗaya ta jiha da sashen ilimi na ƙaramar hukuma buƙatu huɗu a rubuce. A ba kowace makaranta aƙalla sifika ko rediyo mai caji da hasken rana, mai karɓar katin ajiya. A shirya bita ta gaske a kan jagorancin tattaunawa, a lokacin aiki, da alawus ɗinta. A nemi gidan rediyon jiha ya ware fili na mako-mako a lokacin da yara suke aji. A kuma ci gaba da matsa lamba a kan ɗaukar malamai, domin tsarin ilimi na ƙasa ya ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare, mu kuwa mun san adadin da muke fuskanta kowace safiya.

Muna kuma gargaɗi tun da wuri: kada wani ya ɗauki labarin saurare a matsayin hujjar rage malamai ko barin aji a hannun na'ura. Sifika ba ta ganin yaron da ya sunkuyar da kai don labarin ya taɓo masa ciwo. Ba ta san wanda ya fahimta da wanda ya gyaɗa kai kawai ba. Ba ta iya gyara kuskuren da rukuni ya taru a kansa. Labari yana buɗe ƙofa ne, malami shi ke shiga da yara ciki, kuma duk shirin da ya manta da haka ƙungiya ta ƙi shi.

Abin da yake hannunmu kuwa kada mu jira kowa a kansa. Muna ba da shawara reshe ya kafa ƙaramin kwamiti na sa-kai, da malamin Hausa, da malamin Kimiyya, da malama daga ƙananan azuzuwa, a gayyato malamin gona ya duba gaskiyar abin da aka rubuta. A tsara labarai shida na zango ɗaya: rijiya, gawo, ambaliya da magudana, zafin bazara da lafiyar jiki, makiyayi da manomi a bakin fadama, da murhu mai cin itace kaɗan. A naɗa su da waya a ofishin malamai bayan an tashi, da muryoyinmu da karin harshen yankinmu. Gero in aka zuba a faranti yana ba da ƙarar ruwan sama, ba sai an nemi situdiyo ba. A je wurin dattawa maza da mata, a nemi izininsu, a naɗi abin da suka gani a shekarun fari da bakinsu, domin kowace shekara muna rasa wasu daga cikinsu, kuma abin da suka sani ba a rubuce yake ba. Labaran da muka yi da kanmu za su fi waɗanda za a fassaro mana daga nesa zama a kunnen yaranmu, kuma mallakarmu ne, babu ranar da wani shiri zai ƙare a kwashe su.

Ga iyalanmu da sauran iyaye, roƙonmu kaɗan ne. Idan yaro ya dawo da tambaya a kan damunan da, ko bishiyar da ta ɓace, ko inda ruwa yake bi kafin a yi gine-gine, a zauna a amsa masa, kada a kore shi. Wannan amsa rabin darasin ce. Kwamitin kula da makaranta da ƙungiyar iyaye da malamai kuma su taimaka da katangar ƙaya da ban ruwa ga duk bishiyar da yara suka dasa, domin dashe ba shi da wuya, reno ne aiki.

Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Shirin Babbar Ganuwar Bishiyoyi da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007 ya ratsa jihohi 11 na Arewacin Najeriya, amma ba hukuma ce za ta yi renon bishiyar da ke gonar mutum ba, mai gonar ne, kuma mai gonar gobe yana aji uku yau. Muna fatan a taron reshe mai zuwa za a sa wannan batu a ajanda, a fitar da sunayen 'yan kwamiti, a kuma miƙa buƙatunmu ga hukuma kafin zango ya yi nisa. Duk malamin da ya gwada darasin a ajinsa ya rubuto mana abin da ya gani, mai daɗi da marar daɗi, za mu buga don sauran su amfana. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kare mu daga fari da ambaliya, Ya sa wa aikinmu albarka.